Baƙo a Zauren Linux: Tarihin Yadda Sabon Shiga Ke Samun Wuri Cikin Aikin Gayya na Manhaja

Gabatarwa

Duk wanda ya riƙe wayar hannu irin ta Android, ko a Kano ya ke ko a Maraɗi, yana riƙe da aikin dubban mutane waɗanda bai sani ba, su ma kuwa yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Cikin kowace irin wayan nan akwai wata manhaja da a ke kira Linux. Ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da mutum ke taɓawa da yatsa. Ita ke raba musu wurin ajiya, ita ke yanka wa kowace lokacin da za ta yi aiki, ita ke magana da allo da batir da kyamara a madadinsu. Sabo da haka ba laifi in an ce ita ce zuciyar na'ura. Tun daga watan Nuwamba na shekara ta 2017 kuma, kwamfutoci 500 da suka fi kowaɗanne ƙarfi a duniya duk da ita su ke aiki.

Abin da ya raba Linux da manhajojin da kamfanoni ke kullewa shi ne asalin rubutunta a buɗe ya ke. Kowa yana iya karanta shi, ya gyara, ya aika da gyaran ga masu kula da ita. Wannan ya sa mutane da yawa ke tsammani shiga aikin nan kamar shiga kasuwa ne, wanda ya ga dama ya shimfiɗa tabarmarsa ya kasa kaya. Tarihi bai nuna haka ba. Nufin takardan nan shi ne a bi sawun baƙo a ƙofar wannan aiki tun daga asalinsa, a ga abin da a kan nema wurinsa zamani bayan zamani. Za a ga cewa abin da ke sama wa baƙo wurin zama amana ce, wadda ya kan tara da ƙananan ayyuka a gaban idon jama'a, kuma kusan kowace ƙa'ida da ya tarar a bakin ƙofa an kafa ta ne bayan wani abu ya faru.

1. Kafin Linux

Asalin maganan nan yana komawa ga wata manhaja mai suna Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara cikin shekara ta 1969 a ɗakunan bincike na Bell, na kamfanin tarho na AT&T a Amurka. Cikin shekara ta 1973 suka sake rubuta ta da harshen kwamfuta da a ke kira C, wanda mutum ke iya karantawa ya gane ba da wahala mai yawa ba. A lokacin nan wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnati cikin shekara ta 1956 ta hana shi cinikin abin da ba na tarho ba, don haka sai ya riƙa ba jami'o'i Unix tare da asalin rubutunta a kan kuɗi kaɗan.

Wani malami a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, sunansa John Lions, ya ɗauki rubutun zuciyar Unix bugu na 6, wanda bai kai layi 10,000 ba, ya yi masa sharhi don ɗalibansa. Littafin ya zama ƙofar da samari da yawa suka bi suka gane yadda cikin na'ura ya ke. Amma da bugu na 7 ya fito cikin shekara ta 1979, sai kamfanin ya sa sharaɗi cikin lasisinsa, ya hana a karantar da rubutun a aji. Daga nan ɗalibai suka shiga kwafar littafin Lions a ɓoye, wannan ya miƙa wa wancan, har kwafi ya riƙa dushewa don yawan sakewa. Ba a yarda aka buga shi a sarari ba sai cikin shekara ta 1996. To, baƙon wancan zamani ke nan: yana da kwaɗayin ilmi, ƙofa kuwa a kulle.

Abubuwa uku suka faru cikin shekarun 1980 waɗanda suka share hanya. Na farko, cikin watan Satumba na 1983 Richard Stallman, wanda ke aiki a makarantar fasaha ta MIT, ya yi shelar zai gina tsari irin na Unix wanda kowa zai mallaka, ya sa masa suna GNU. Daga baya ya tsara lasisin da a ke kira GPL, bugu na farko cikin 1989, na biyu cikin 1991. Sharaɗinsa shi ne, wanda ya karɓi manhaja ya gyara ya rarraba, tilas ya ba da asalin rubutun gyaransa bisa sharaɗin da ya karɓa. Amfanin wannan ga sabon shiga babba ne, gama ya tabbata guminsa ba zai shiga rumbun wani a garƙame ba.

Na biyu, cikin shekara ta 1985 Larry Wall ya fitar da wata 'yar manhaja wadda aikinta ɗora gyara a kan rubutu. Maimakon mutum ya aika da rubutu dukansa, sai ya aika da layukan da ya cire da waɗanda ya ƙara kaɗai, ita kuwa ta liƙa su a wurinsu. Irin wannan gyara shi za mu riƙa kira faci, kamar na mai gyaran taya, gama sunan da masu aikin ke kiransa da shi ke nan. Faci ya zama abin da baƙo ke riƙowa a hannu in ya zo sallama, kuma ƙanƙantarsa ita ta sa a ke iya duba shi layi layi.

Na uku, cikin shekara ta 1987 Andrew Tanenbaum, malami a wata jami'a ta Amsterdam a ƙasar Holan, ya rubuta ƙaramin tsari mai suna Minix don koyarwa, ya haɗa shi da littafi. Mutane suka yi ta aiko masa da ƙari, shi kuwa ya kan ƙi yawancinsu, domin yana so abin ya tsaya ƙarami yadda ɗalibi zai iya gane shi cikin zango ɗaya na karatu. Hujjarsa mai kyau ce ga malami, amma ta bar mutane da yawa riƙe da faci ba wurin liƙawa.

2. Zamanin da kowa baƙo ne

Ran 25 ga watan Agusta 1991, wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai shekara 21, sunansa Linus Torvalds, ya sanar wa masu amfani da Minix cewa yana rubuta wani tsari na kyauta don kwamfutarsa mai ƙwaƙwalwar Intel 386. Ya ce abin sha'awa ne kawai, ba zai girma kamar GNU ba, ya kuma roƙi mutane su faɗa masa abin da su ke so da abin da ba su so cikin Minix. Cikin watan Satumba ya fitar da bugu na 0.01, layi 10,000 da 'yan kai. A farkon 1992 ya mai da shi ƙarƙashin lasisin GPL.

Halin da ya raba Torvalds da Tanenbaum shi ne karɓa. In mutum ya aiko da faci mai aiki, sai ya duba ya liƙa, bayan 'yan kwanaki sabon bugu ya fito da gyaran a ciki. Wanda ya ga aikinsa ya shiga kuwa sai ya ƙara himma. Theodore Ts'o, wanda ke MIT, ya shiga tun cikin 1991, ya buɗe wurin da mutanen Amurka za su riƙa ɗaukar rubutun ba sai sun nemo shi daga Finlan ba. Alan Cox, a Jami'ar Swansea ta ƙasar Birtaniya, ya sa Linux a kwamfutar ƙungiyar ɗalibai, ya ga sashen haɗa na'urori da juna yana ta tuntuɓe a kan layukan jami'ar masu cunkoso, sai ya kama gyara. Kafin a daɗe shi ya zama mai kula da sashen, daga baya ma a ka riƙa ɗaukarsa na biyu ga Torvalds. Ba wanda ya tambayi mutanen nan takardar shaida. Abin da ya kawo su duka iri ɗaya ne: wani abu ya ƙi yi musu aiki, suka gyara don kansu, sa'an nan suka aika don kowa ya amfana.

Da bugu na 1.0 ya fito cikin watan Maris 1994, rubutun ya wuce layi 170,000. A zamanin nan babu zaure babu shamaki, baƙo ya kan yi sallama kai tsaye ga mai gida. Amma irin wannan zama ba ya ɗorewa in gari ya cika.

3. Gari ya cika, an naɗa masu unguwa

Cikin shekara ta 1996 a ka fara ajiye wata takarda cikin rubutun Linux mai nuna wanda ke kula da kowane sashe. Ta fara da sunan mutum uku kaɗai. Yau sassan da ke cikinta sun kai dubbai. Ma'anar wannan ga baƙo ita ce, ba ya aika wa Torvalds faci kuma. Sai ya nemi mai kula da sashen da ya taɓa, shi ne zai duba, in ya yarda ya tara tare da na wasu ya miƙa gaba. Tsari ne kamar na mai unguwa da dagaci da hakimi, kowa yana amsa wa na gaba da shi abin da ya fito daga hannunsa.

Ba a kai ga tsarin nan cikin daɗi ba. Wajen shekara ta 1998 faci ya yi wa Torvalds yawa, har waɗansu suka riƙa ɓacewa ba amsa, manyan masu aiki suka fusata. Cikin 2002 ya koma amfani da wata manhajar ajiye tarihin gyare-gyare mai suna BitKeeper, wadda ta wani kamfani ce, rubutunta a kulle. Mutane da yawa ba su ji daɗin haka ba, kuma cikin watan Afrilu 2005 saɓani ya sa kamfanin ya janye izinin amfani da ita kyauta. Torvalds ya zauna cikin 'yan makonni ya rubuta tasa, ya sa mata suna Git. Da ita kowane mutum yana iya ɗaukar tarihin aikin dukansa ya ajiye a kwamfutarsa, ya ga wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta da dalilinsa. Ga mai koyo wannan ya fi littafin Lions nesa ba kusa ba.

Zamanin nan ya nuna cewa shekaru da ƙasa ba su hana a ba mutum amana. Cikin watan Nuwamba 2001 a ka danƙa kulawa da jerin bugu na 2.4, wanda kamfanoni ke dogara da shi a lokacin, ga Marcelo Tosatti, ɗan ƙasar Barazil mai shekara 18. Ita ma Git, watanni uku da 'yan kwanaki bayan fara ta, Torvalds ya miƙa ta ga Junio Hamano, ɗan ƙasar Japan, wanda ya san shi ta wurin kyawun facin da ya ke aikowa. Hamano ya riƙe ta shekara da shekaru bayan haka.

Wata ƙa'ida kuma shari'a ce ta haife ta. Cikin watan Maris 2003 wani kamfani mai suna SCO ya kai kamfanin IBM ƙara, yana cewa an kwashi rubutun Unix an zuba cikin Linux ba bisa izini ba. Shari'ar ta yi ta ja har shekara ta 2021, Linux kuwa ba ta tsaya ba, amma abin ya nuna wa masu aikin cewa suna bukatar sanin asalin kowane layi. Don haka cikin 2004 a ka kafa dokar sa hannu. Duk mai aiko da faci tilas ya rubuta sunansa a ƙarƙashi, yana shaida cewa shi ya rubuta, ko kuwa yana da ikon bayarwa. Mai kula da sashe in ya karɓa sai ya ƙara nasa sunan, na gaba da shi ma haka. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane abin nan da nan, gama isnadi ne: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Tun daga ran nan faci marar suna ba ya shiga.

4. An gina zaure

Da tsari ya yi tsawo, sai dattawan aikin suka lura baƙo yana iya tsayawa a waje bai san ta inda zai fara ba. Wajen shekara ta 2000 Rik van Riel da abokansa suka kafa wata majalisa ta masu koyo mai suna KernelNewbies, inda mutum zai yi tambayar da ya ke jin kunyar yi a gaban manya. Arnaldo Carvalho de Melo, shi ma ɗan Barazil, ya fara wani shiri na masu shara, watau waɗanda ke bin rubutu suna share ƙananan kurakurai iri ɗaya da suka watsu wurare da yawa. Aikin ba shi da suna, amma mai yinsa ya kan zagaya unguwanni da yawa har ya san gari.

Cikin 2007 a ka ƙara wata 'yar manhaja mai duba faci kafin a aika, ta nuna wa mutum inda ya saɓa wa ƙa'idar rubutu, don kada ya sha faɗa a kan abin da na'ura za ta iya gaya masa. Cikin 2008 kuma Greg Kroah-Hartman ya buɗe wani sashe na musamman, wanda ya shiga cikin bugu na 2.6.28 a ƙarshen shekaran nan. Dalilinsa shi ne, kowace na'ura da a ke haɗawa da kwamfuta, kamar kyamara ko abin kama intanet, tana bukatar wani rubutu da zai zama tafinta tsakaninta da Linux. Kamfanoni su kan rubuta irin tafintan nan da gaggawa, ba su kai yadda za a shigar da su cikin gida ba. Sai a ka yi musu wuri a bakin ƙofa, kowane da takardar abin da ya rage a gyara masa. Wannan shi ne zauren Linux. Mutane masu yawa sun yi facinsu na farko a nan, domin aikin a bayyane ya ke, kuskure kuma ba ya rushe gida.

Ya kamata a bayyana yadda facin farko ke tafiya, gama a nan ne a ke gane halin aikin. Sabon shiga ya kan ɗauko rubutun da Git, ya karanta takardun ƙa'ida da ke cikinsa, ya harhaɗa Linux da kansa ya tada kwamfuta da ita, don ya tabbata yana iya gwada abin da ya taɓa. Sa'an nan ya nemi aibi ɗaya ƙarami ya gyara. Ƙa'ida ita ce faci ɗaya, magana ɗaya. In gyara uku ne, sai ya raba su uku. A saman facin ya rubuta bayani, ya faɗi abin da ya lalace da dalilin da ya sa gyaransa ya ke daidai, domin wanda zai karanta bayan shekara goma. Ya sa hannu, ya nemi sunan mai kula da sashen, ya aika ta wasiƙar imel tsurarta ba ado, da kwafi zuwa ga jama'ar sashen don kowa ya gani.

Daga nan sai haƙuri. Mai kula da sashe yana da ɗaruruwan wasiƙu a gabansa, sabo da haka a kan ce mutum ya jira mako ɗaya ko fiye kafin ya yi tuni. Sau da yawa amsar da ke zuwa gyara ce: wannan layi bai dace ba, wancan bayani bai isa ba. Sai mutum ya gyara ya aiko da na biyu, wani lokaci har na biyar, kowane da bayanin abin da ya sake. In an karɓa, facin ya shiga hannun mai sashe, ya wuce wani wurin gwaji da a ka kafa cikin 2008 inda a ke haɗa aikin sassa duka a ga ko za su zauna lafiya da juna. Sabon bugu na fitowa kowane mako tara ko goma. Makonni biyu na farko su ne Torvalds ke buɗe ƙofa ya karɓi sabon aiki daga masu sassa, sauran kuwa na gwaji ne da gyaran abin da ya ɓaci. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Bayan wannan a ka ƙara hanyoyi masu malami da ɗan abin kashewa. Kamfanin Google ya fara biyan ɗalibai su yi aikin buɗaɗɗiyar manhaja lokacin hutu cikin 2005. Cikin 2013 Linux ta shiga wani shiri na jawo mata cikin aikin, wanda a ka sake wa suna Outreachy cikin 2015, a ka kuma faɗaɗa shi. Cikin 2019 Shuah Khan ta jagoranci buɗe shirin horarwa na Gidauniyar Linux. A 'yan shekarun nan kowane bugu ya kan ƙunshi aikin mutum wajen 2,000, daga cikinsu kuwa 200 zuwa 300 karonsu na farko ke nan. Rubutun da ya fara da layi 10,000 ya wuce layi miliyan 40 a farkon 2025. Mafi yawan aikin yanzu ma'aikatan kamfanoni ke yinsa da albashi, amma da yawansu da faci na kyauta suka fara, shi ya sa a ka san su a ka ɗauke su.

5. Waɗanda suka juya daga ƙofa

Ba kowane baƙo ne ya zauna ba, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai cika ba. Con Kolivas likita ne a Ostireliya, gwanin sa marar lafiya barci kafin a yi masa aiki. Ya koya wa kansa harshen C, ya duƙufa kan sashen da ke raba wa manhajoji lokacin aiki, domin yana so kwamfutar mutum ta gida ta daina sarƙewa in an buɗe abubuwa da yawa. Ya nuna cewa rabo na adalci tsakanin manhajoji ya fi dabarun hasashe da a ke amfani da su. Cikin 2007 Ingo Molnár, mai kula da sashen, ya rubuta nasa tsarin bisa wannan ra'ayi, ya kuma ambaci Kolivas da yabo, a ka shigar da na Molnár cikin bugu na 2.6.23. Kolivas ya bar aikin cikin shekaran nan, yana cewa ba a damu da mai kwamfutar gida ba. Masu goyon bayan hukuncin sun ce a kan duba wanda a ka tabbata zai zauna ya riƙe sashe shekara da shekaru. Ko ta wace fuska a ka duba, labarin ya nuna cewa kyawun ra'ayi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da yardar masu gida.

Akwai kuma maganar harshe. An daɗe a na kuka da zafin bakin waɗansu manya, har da Torvalds kansa, wanda ya kan yi wa mai kuskure faɗa da zagi a gaban jama'a. Shi ya kan ce manyan da ya sani ya ke yi wa haka, ba sababbi ba. Amma baƙon da ke tsaye a zaure yana jin abin da a ke yi a cikin gida, kuma waɗansu ƙwararru sun bar aikin sabo da wannan. Cikin watan Satumba 2018 Torvalds ya fito ya nemi gafara, ya ɗauki hutu na wajen wata ɗaya, a ka kuma kafa dokar ladabi ta zaman tare. Kroah-Hartman ne ya fitar da bugu na 4.19 a madadinsa.

6. Cin amana

Tun da amana ce jarin aikin, ba abin mamaki ba ne da a ka samu masu gwada ta. Cikin 2020 waɗansu masu bincike na Jami'ar Minnesota a Amurka suka aika da faci kaɗan masu ɓoyayyen aibi da sunayen aro, don su ga ko za a gane, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Da al'amarin ya ƙazanta cikin watan Afrilu 2021, Kroah-Hartman ya hana karɓar aiki daga jami'ar, a ka kuma koma a ka sake duba gyare-gyare 435 da suka fito daga can. An sami 349 daidai su ke. Masu binciken sun nemi gafara sun janye takardarsu. Amma lokacin da masu duba suka ɓatar ba ya dawowa, ɗaliban da ba su san hawa ba su san sauka ba kuwa laifin ya shafe su.

Wanda ya fi wannan muni ya faru ga wata manhaja mai suna xz, wadda ke matse bayanai don su rage cin wuri. Ba cikin zuciyar Linux ta ke ba, amma kusan kowace kwamfuta mai Linux tana ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya riƙe ta shekaru da yawa ba biya. Cikin 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu amfani, cikin ladabi, daidai yadda a ke so baƙo ya yi. Cikin 2022 waɗansu sunaye suka taso suna matsa wa Collin, suna cewa aiki ya tsaya, ya ba wani. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin kulawa. A farkon 2024 ya fitar da bugu na 5.6.0 da na 5.6.1, da wata ƙofar baya a ɓoye ciki, wadda za ta ba mai mabuɗinta ikon shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin wajen rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin, ya yi shela ran 29 ga watan Maris 2024, kafin bugun ya kai ga yawancin jama'a.

Abin tsoro cikin labarin nan shi ne, mutumin ya bi hanyar da a ka shimfiɗa wa baƙo na gari, taki bayan taki, fiye da shekara biyu. Raunin da ya samu kuwa shi ne mai gida ɗaya ne, ya gaji, ba mai duba bayansa.

Kammalawa

In an tattara abin da ya gabata, za a ga baƙo ya wuce zamani huɗu. Da farko ƙofa a kulle ta ke, yana karatu a ɓoye. Sa'an nan ta buɗe ba shamaki, yana magana da mai gida baki da baki. Daga baya gari ya cika, a ka naɗa masu unguwa, a ka kafa isnadi, a ka gina zaure. Yanzu kuwa a na marhabin da shi, a na kuma dubansa da idon da ya ga abin da ya faru cikin 2021 da 2024. Cikin zamanin nan duka abin da a ke nema gare shi bai sake ba: ƙaramin aiki mai tsabta, da bayani na gaskiya, da karɓar gyara ba fushi, da dawowa gobe in abin da ya liƙa ya ɓalle.

Abin da ya yi ƙaranci a yau shi ne masu dubawa, gama masu rubutu sun fi masu karatu yawa, masu kula da sassa kuwa sun daɗe suna kukan nauyi. Sabon shiga da ya gwada facin wani a na'urarsa ya ba da labari, ko ya karanta ya nuna kuskure, ya kan sami shiga zukatan masu gida da sauri fiye da wanda ya zo da babban gini a ka. Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi masu nazarin harshe. Takardun ƙa'idar nan da baƙo ke fara karantawa da Turanci a ka rubuta su, amma cikin rubutun Linux akwai wurin da a ka keɓe don fassara, an kuwa fassara waɗansunsu da harsunan Sin da Japan da Koriya da Italiya da Sifen. Babu Hausa a ciki. Wanda zai kai ta can, ta hanyan nan da a ka bayyana zai bi: faci ɗaya, da sunansa a ƙarƙashi, da alkawarin zai zauna ya riƙa gyara fassarar duk sa'ad da asalin ya sake.